Son wasannin kan tebur ya isa a buɗe shagonsu?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko son wasannin nan ya isa ka buɗe shago. Gaskiya bai isa ba. Babbar matsalar ita ce jari yana kwanciya a cikin kayan da ba a sayar ba: wanda ya sayi wasa irin su Catan ko Monopoly sau ɗaya ya gama, ga masu sayarwa ta intanet suna karya farashi. Katunan wasa da ake tarawa, irin su Pokémon da Magic: The Gathering, su ke dawo da mai saye, tunda sababbi na fitowa a kai a kai.

Sai teburan da mutane za su zauna su yi wasa a cikin shagon. Hayar wurinsu kake biya, amma wani zai wuni a kai bai sayi komai ba. Ka sa kuɗin zama ko na shiga gasa tun farko. Sa shi daga baya yakan jawo gunaguni.