Ouyang Yuqian: namijin da ya fito a mace, ya kuma rubuta wasa

Tambaya: Malam, na ji an ce Ouyang Yuqian na ƙasar Sin ya yi suna wajen fitowa a matsayin mace, kuma shi ke rubuta wasanninsa. Yaya aka yi ya haɗa biyun?

Amsa: Gaskiya ne. An haife shi a 1889 a Liuyang ta lardin Hunan. Yana karatu a Japan ya shiga ƙungiyar ɗalibai ta Chunliu, wadda a 1907 ta gabatar da wasa a Tokyo da magana zalla, ba da waƙa ba kamar yadda aka saba a Sin.

Fitowar namiji a mace ba baƙon abu ba ne a lokacin, domin a zamanin daular Qing an daɗe da hana mata hawa dandamali. A wasan gargajiya na waƙa ana kiran wannan matsayi "dan", kuma horonsa mai wuya ne. Kullum ɗan wasa zai sirantar da murya da rakiyar gogen jinghu, ya koyi gajeren taku, da sarrafa dogayen fararen hannayen riga don nuna kunya, kuka ko fushi. Yawanci tun yarinta ake farawa, kuma da yawa kan rasa sana'ar idan muryarsu ta fashe a lokacin balaga. Shi da girmansa ya shigo, amma ya ƙware har ana jera shi da Mei Lanfang, mashahurin mai fitowa a mace, ana cewa Mei a arewa, Ouyang a kudu.

Rubutun kuwa larura ce ta kawo shi. Sabon wasan magana ya lalace da wuri saboda ƙungiyoyi da dama ba sa rubuta zance, sai dai a manna taƙaitaccen tsarin labari a bayan dandamali, kowa ya fito ya faɗi abin da ya zo bakinsa. Sai a yi ta jan zance da barkwanci mara kai, labari ya watse. Ouyang na cikin waɗanda suka dage kan cikakken rubutu da gwaji kafin fita, kuma a ganina nan ne babbar gudummawarsa. Da yake ya san inda numfashi ke yankewa, maganganunsa na zauna wa ɗan wasa a baki.

A wasansa na Pan Jinlian, wanda shi da kansa ya fito a matsayinta, ya ɗauki matar da aka daɗe ana tsinewa a adabin Sin ya nuna yadda auren dole ya jefa ta cikin halaka.

A 1919 ya shugabanci makarantar horar da 'yan wasa a Nantong, a 1950 ya zama shugaban farko na babbar kwalejin wasan kwaikwayo ta Beijing. Ya rasu a 1962.