Ku Tambaya Mu Amsa: Laifi da Hukunci a Wasannin Intanet na Takobi da Sihiri

Wasiƙun wannan mako sun taru a kan wasannin nan da dubban mutane ke shiga duniya guda ta takubba, sihiri da dodanni, kowa da jaruminsa, da yadda ake hukunta wanda ya yi kisa ko fashi a cikinsu.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina buga Albion Online a waya. Na ɗora kaya a kan sa zan kai birnin Caerleon, mutum shida suka tare ni a jan yanki, inda 'yan wasa ke iya kashe juna, suka kashe ni suka kwashe komai. Washegari na sake ganinsu a kan hanyar. Wai wasan ba shi da hukunci ne? (Mai karatu daga Kano)

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Hukunci akwai shi, sai dai bai kai darajar abin da aka ƙwace maka ba, ɗan fashi kuwa ya iya lissafi. Wanda zai kai hari a jan yanki sai ya fara ɗaga tutar gaba, kuma duk kisan da ya yi makin mutuncinsa na raguwa. In ya yi ƙasa sosai, a hana shi shiga biranen sarauta. Amma Caerleon, wadda jajayen yankuna suka kewaye, ƙofarta a buɗe take gare shi, da kasuwarta da bankinta. A baƙin yanki ma babu ragin maki sam. To me ya rasa?

Ciwon ya girmi Albion da shekara 20. Ultima Online ya fito a 1997, kuma tsarinsa ne wasu na baya suka kwaikwaya. A shekarunsa na farko, sunan mutumin kirki shuɗi ne, na mai ƙaramin laifi ya koma ruwan toka na minti biyu. Wanda aka kashe ana tambayarsa ko zai kai ƙarar wanda ya kashe shi, ƙara biyar in ta taru suna ya koma ja, dogaran gari su sare shi da ya leƙo, kuma in ya mutu ya tashi da nauyin laifin a kansa, ƙwarewarsa ta ragu. A takarda wannan hukunci ne mai tsanani. Inda ya ɓaci shi ne yadda laifin ke gogewa: ƙirgar ƙara iri biyu ce, ta ɗan lokaci tana sauka ɗaya bayan awa 8 a cikin wasa, ta dogon lokaci bayan awa 40. Sai masu kisa suka riƙa kulle jaruminsu a gida ko a jirgin ruwa, su kunna manhajar da ke danna maɓalli da kanta, su tafi barci. Kwamfuta ce ta yi zaman, mai laifi bai ji komai ba.

Ɓaraka ta biyu ta fi wannan girma. Hukunci yana kan jarumi, mutumin da ke riƙe da waya kuwa yana da wani jarumin mai tsabtataccen suna. Jan ya yi fashi ya zuba a akwati, shuɗin ya zo ya ɗauka ya kai kasuwa. Tarar da aka san adadinta tun kafin a yi laifi, kuma ribar ta fi ta, ta zama kamar kuɗin tikitin kasuwa: a biya a shiga a yi ciniki.

Kai kuma, kafin ka sake fita: duba adadin masu tutar gaba da wasan ke nuna maka a jan yanki, in sun yi yawa ka koma. Raba kaya gida biyu ko uku maimakon ɗauka ɗaya. Sa yana ɗaukar nauyi amma ba ya gudu, saboda haka ko dai aboki ya wuce gaba a kan doki ya duba hanya, ko ka rage kaya ka hau abin da zai tsira da kai. Kada ka sa tufafin yaƙin da ba za ka iya sake saya ba.

Tambaya: Malam, ni aka takura wa, amma ni wasa ya hukunta. Wani ya yi ta shiga wurin da nake farautar dodanni a Black Desert, na kashe shi ya dawo, na sake kashe shi ya dawo, har makina ya koma ƙasa da sifili. Yaya haka? (Mai karatu daga Zariya)

Amsa: Tarko aka ɗana maka, kuma sananne ne. Makin hali a Black Desert yana tsakanin 300,000 a sama da 1,000,000 ƙasa da sifili. Kisan wanda bai ɗaga maka hannu ba yana cin maki mai yawa, shi kuwa wanda ya mutu a hannun ɗan wasa asararsa kaɗan ce. Saboda haka mutuwa ita ce makaminsa: ya yi ta kawo wuya har ka faɗa ƙasa da sifili, dogarai su koma kanka, mutuwarka ta fara taɓa kayanka.

Tushen abin shi ne na'ura aiki take gani, ba ta ganin niyya. Tambayarta ɗaya ce: wa ya fara dannawa? A Ultima, wanda ya taɓa kayan gawar mai shuɗin suna ko ya yi wa mai laifi magani sai ya koma ruwan toka, kowa ya halatta ya kashe shi. Miyagu masu shuɗin suna suka ƙware wajen jan sabon shiga ya yi hakan, su kashe shi ba tare da ƙara ko ɗaya ba. A dajin wasan RuneScape, inda 'yan wasa ke iya kashe juna, wanda ya fara kai hari alamar ƙoƙon kai ke bayyana a kansa na ɗan lokaci. In babu ita, ka mutu da kayanka uku mafi tsada a hannunka, in da ita kuwa duk sun tafi. Sai mutum biyu su sa kaya iri ɗaya, ɗaya ya tsokane ka, garin ramawa ka danna ɗayan. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abin yi: kada ka yi kisa na biyu a kan mutum ɗaya. Sauya saba (server) ko wurin farauta, duba makinka kafin kowane faɗa, kuma in wasanka yana da makullin hana kai hari bisa kuskure, kamar wanda aka ƙara wa tsohon RuneScape daga baya, kunna shi.

Tambaya: Me zai hana a sa kuɗi a kan mai kisa, duk wanda ya kawo kansa a ba shi? (Mai karatu daga Maraɗi)

Amsa: An gwada a Ultima. Mai kisan sai ya tuɓe kayansa, ya kira abokinsa ya sare shi ya kai kan, su raba zinaren da kai ka zuba. An cuce ka sau biyu ke nan. EVE Online, wanda na jiragen sararin samaniya ne, ya toshe wannan a Disamba 2012: a tsarin da ya kawo a lokacin, mafarauci ba ya samun fiye da kashi 20 cikin ɗari na darajar abin da ya lalata wa mai laifi. In abokai suka haɗa baki, asararsu ta ninka ribarsu sau biyar.

Tambaya: Ni ɗalibar ilimin kwamfuta ce, muna gina ƙaramin wasa irin wannan. Tunda na'ura ba ta gane niyya, ba gara a bar 'yan wasa su yi shari'a da kansu ba? (Mai karatu daga Katsina)

Amsa: 'Yar'uwa, tunanin yana da kyau, kuma ArcheAge, wanda ya fito a Koriya ta Kudu a 2013, ya aiwatar da shi sosai. A lokacin da wasan ke aiki, mai kisa yana barin jini a ƙasa, ɓarawon gona yana barin sawu, duk wanda ya gani ya danna ya kai rahoto. Makin laifi in ya kai 50 mutum ya zama abin nema, in an kashe shi sai kotu, 'yan wasa biyar su duba jerin laifukansa su wanke shi ko su yanke masa mintocin kurkuku.

Dubi inda ya gaza. Alƙalan nan biyar ba su da abin da za su rasa in sun yi son kai: ɗan ƙungiyarsu su wanke shi, abokin gabarsu su ɗora masa mafi tsawo, wani kuma a sake shi don ya ba su dariya. Shaida ba ta faɗin dalili, jinin ɗan fashi da aka kashe garin kare fatake da na fataken duk ja ne. Kurkukun yana da filin ƙwallo da hanyar tserewa. Sannan wanda ya tara makin ƙaurin suna 3,000 yana zama ɗan fashin teku, matsayin da wasu ke nema da gangan, wato ƙarshen hukunci ya zama lambar yabo. Abin da ya fi damun mu shi ne wanda aka zalunta: kotu ta zauna ta tashi, shi bai samu diyya ba.

Manyan kamfanoni da yawa sun gwada sun janye. Ultima ya raba duniyarsa biyu a 2000, Trammel ta lumana da Felucca ta faɗa, jama'a suka kwarara Trammel. RuneScape ya cire kisa a dajinsa a Disamba 2007, ya maido shi a Fabrairu 2011 bayan ƙuri'ar 'yan wasa. The Elder Scrolls Online ya yi niyyar barin 'yan wasa su kama ɓarayi, ya fasa a 2016.

In za ku gina naku, ku ɗora laifi a kan asusun mutum gaba ɗaya, duk jarumansa su ɗauka. In wasan kyauta ne wannan kaɗai bai isa ba, don sabon asusu minti biyar ne, sai ku hana sabon jarumi kai hari har ya yi wasu awanni na wasa. Kada laifi ya goge da zaman banza. A biya shi da aikin da sai an yi da hannu. Tara ta bi darajar abin da aka ƙwace, kuma kaso ya koma wa mai kaya. Ku sa wa kayan fashi alama na awa ɗaya ko biyu, ba banki ba musaya, don mai kaya da abokansa su samu damar bin sawu. Kisan mutum ɗaya sau da yawa a wuri ɗaya cikin ɗan lokaci, ku rage nauyin na baya, in wanda ake kashewa ne ke dawowa da ƙafarsa. Alƙali kuwa kada ya zama ɗan ƙungiyar ɗayan ɓangarorin, a ɓoye masa sunaye.

Tun ranar farko ku riƙa ajiye bayanin kowane kisa: wa ya kashe wa, nawa ne darajar kayan, kuma hannun wa suka shiga cikin awa 24. In kuka ga kaya kullum suna fita daga jan jarumi ɗaya zuwa shuɗin jarumi ɗaya, mutum guda ne ke riƙe da su, ko abokan haɗin baki, sai ku haɗa musu hukuncin.