Ƙuri'a a Littafi Mai Tsarki: an yarda ne ko an hana?

Tambaya: Fasto ina yini, wani abu ya ɗaure min kai. Karin Magana 18:18 tace jefa ƙuri'a na kashe gardama, amma Maimaitawar Shari'a 18:10 ta hana duba, kuma Bulus yace a nemo mai hikima ya sasanta 'yan'uwa. Wanne za mu bi?

Amsa: Lafiya lau 'yar'uwa, naji daɗin tambayar nan sosai. Da farko dai ƙuri'ar da ake magana ba irin ta ranar zaɓe bace, wani abu ne kamar tsakuwa da ake jefawa, wanda ta faɗo a kansa shikenan.

Toh bambancinta da duba shine wa ake tambaya. Mai duba yana neman sanin gaibu wajen iskoki ko matattu, mai jefa ƙuri'a kuwa ya kai maganar gaban Allah ne, shi yasa Karin Magana 16:33 tace hukuncin daga Ubangiji yake. Haman ma, wani babban bafaden sarkin Farisa, ya jefa tasa a Esta 3:7 yana neman ranar da zai hallaka Yahudawa, kinga abu ɗaya ne a hannu amma zuciyar daban.

Sannan ki duba inda aka fi amfani da ita, wajen da kowa yake da haƙƙi daidai ne kuma ba wanda yayi laifi. Joshuwa ya raba ƙasa wa kabilu bakwai da suka rage a Shilo, ai da shi ya zaɓa da kansa da sai ance ya fifita wasu. Haka ma a Ayyukan Manzanni 1, wajen neman wanda zai maye gurbin Yahuza Iskariyoti, sai da almajirai suka tace suka fitar da mutum biyu da duk sun cancanta, Yusufu Barsabbas da Matiyas, sukayi addu'a, tukuna ƙuri'a ta faɗa kan Matiyas. Har a 2012 cocin Kibɗawa na Masar haka sukayi wajen zaɓen sabon shugabansu, aka ɗaure wa wani yaro ido ya zaro sunan Tawadros na 2 cikin sunaye 3.

Gaskiya akwai inda ta tona mai laifi kamar Yunana a jirgi, amma ko shi sai da ya amsa da bakinsa.

Abinda Bulus ke faɗa a 1 Korantiyawa 6 kuwa rigima ce ta wani ya cuci wani, nan tsakuwa ba ta da aiki, shaidu ake so da mutumin da zai saurari kowa, kamar yadda Yesu ya tsara a Matiyu 18:15-17. Kuma bayan Fentikos, ranar da Ruhu Mai Tsarki ya sauko, ba a sake rubuta cewa manzanni sun jefa ƙuri'a ba, ko babbar gardamar kaciya a Ayyukan Manzanni 15 zama sukayi aka yi ta muhawara har aka daidaita. Ni dai in gado ne aka kasa shi daidai ana jayayyar wa zai ɗauki wanne kashi, banga laifin ƙuri'a ba, amma in wata tazo tana kuka an cinye mata haƙƙi, don Allah a zauna a ji ta bakinta.