Amsar tambayar Kawu game da motar da ta gangaro da baya

Kawu, ranka ya daɗe, ka tambaye ni yadda mu da ke aikin fim a ƙasar nan da muka daɗe da zama muke sakin babbar mota ta gangaro da baya daga kan tudu ba tare da an yi asarar rai ba, kuma ka ce a shekarunka na tuƙi ba ka taɓa ganin direba mai hankali ya yarda da haka ba. Gaskiyarka ne, domin mu ma ba sakin ta muke yi ba.

Motar tana ɗaure da igiyar ƙarfe wadda winci, wato injin da ke naɗe igiya, yake sassautawa daga saman tudun, shi kuma wincin an kafe shi a jikin abin da ya fi motar nauyi. Kafin a zaɓi igiyar sai an yi lissafi. Idan hanya tana sauka mita 10 a cikin kowace mita 100, mota mai tan 20 tana jan igiyar da ƙarfin kusan tan 2, amma fizgar tsayawa ta fi wannan nesa ba kusa ba, saboda haka ake ɗaukar igiyar da ta ninka bukata sau da yawa, a kuma ƙara ta biyu. Daga baya ake goge igiyoyin daga hoton fim ɗin da kwamfuta.

Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne sitiyari. Idan mota tana tafiya da baya, tayoyin gaba ba sa komawa tsakiya da kansu, ƙaramar karkata sai ta fizge sitiyarin daga hannun direba, kuma idan ya taka birki nauyi ya koma baya, tayoyin gaban su yi sauƙi su zame. Ba ma kashe inji, ko da labarin ya ce ya mutu, domin shi ne yake cika tankin iskar birki yake kuma sauƙaƙa sitiyari. Tirela kuwa ba na son ta ko kaɗan a wannan aiki, don nan da nan take naɗewa.

Gudun da ka gani ma yaudara ce. Ana nuna fim da hoto 24 a daƙiƙa, to idan aka ɗauka da 18, motar da ke rarrafe sai ta zama kamar ta ƙwace. Muna yin haka ne saboda idan gudu ya ninka biyu, ƙarfin da za a tsayar ya ninka huɗu.

Ranar ɗauka ana rufe hanya, a zuba tsakuwa a gindin tudu, a gwada a hankali kafin a ƙara gudu. Kowa yana riƙe da oba-oba, kuma ko mai riƙe weji ne ya ce a tsaya, darakta ba ya musu, sai an tsaya.