Amsa ga ɗana kan kashe fitila da kuɗin da ba ya kaiwa ƙarshen wata

Ɗana, saƙonka ya iso, kuma na ji daɗi da ka tambaya maimakon ka yi ta fama kai kaɗai. Ka ce tun da iyalinka ta tare ka ɗauki al'adar da ka taso ka tarar da mu a kai: ba a barin fitila a kunne a ɗakin da babu kowa, ba a barin caja a soket, ba a zubar da ragowar abinci. Kullum dare sai ka zaga gida kana kashe wannan kana zare wancan, har surukata ta fara cewa abin ya zama rowa. Ga shi kuma kuɗin wuta bai ragu ba, albashi ba ya kai ku ƙarshen wata. Kana so ka san ko wannan al'ada ta manya tana da sauran amfani, ko kuwa takura ce kawai da aka gada aka saba.

Tana da amfani, sai dai kai fatar ka ɗauka ka bar naman. Kuma kada ranka ya ɓaci, a wannan gardamar surukata ta ɗan fi ka gaskiya.

Bari in faɗa maka dalilin da ya sa iyayenmu suka tsananta a kan fitila. Ƙwan lantarkin wancan zamani, mai zaren waya a ciki, wat 60 ne ko 100, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da yake ja zafi take zama, ba haske ba. Bayan awa 1,000 ko makamancin haka sai ya ƙone a sayi wani. Gidajen kuwa ba su da wasu kayan wuta masu yawa, daga fitila sai rediyo sai fanka. Don haka wanda ya kashe fitila ya rage babban kaso na kuɗin wutarsa da gaske. Yau ƙwan LED mai wat 9 yana ba da hasken da mai wat 60 yake bayarwa, yana kuma yin awa 15,000 ko fiye kafin ya mutu. Idan akwai sauran tsohon ƙwai a gidanka, canza shi gobe. Da ka yi haka, maganar fitila ta kusa ƙarewa.

Abin da mita ke ƙirgawa shi ne yunit, wato wat 1,000 na tsawon awa ɗaya. Kowane kayan wuta yana da lambar wat ɗinsa a rubuce a bayansa ko a gindinsa. Ka ninka lambar da awoyin da yake aiki, ka raba da 1,000, ka ga abin da yake ci. Ƙwai mai wat 9 da ya yi awa biyar kullum bai kai yunit ɗaya da rabi a wata ba. Hita mai wat 2,000 kuwa, awa ɗaya tak ta cinye yunit biyu, daidai da ka bar wancan ƙwan a kunne dare da rana fiye da kwana tara. Cajar wayar da kake bi kana zarewa, idan babu waya a jikinta ba ta jan ko rabin wat. Shekara guda cur ba za ta ci yunit biyar ba. Ka ga ashe kana ɓata wa matarka rai a kan abin da bai taka kara ya karya ba, alhali mai cin kuɗin yana can banɗaki a kunne tun asuba.

Ka riƙe wannan: duk abin da aikinsa ɗumamawa ne ko sanyayawa, shi ne mai cin wuta. Hita, dutsen guga, butar lantarki, rishon lantarki, firji, firiza, na'urar sanyaya ɗaki. Nan za ka kai idonka. A kunna hita gab da wanka a kashe ta da an gama. A tara guga a yi ta lokaci ɗaya, ba kullum safe a ɗumama dutse saboda riga ɗaya ba. Idan kofi biyu za a sha, ruwan kofi biyu za a zuba a buta. Idan kuna da injin wanki, ku wanke da ruwan sanyi, domin yawancin wutar da injin ke ja wajen ɗumama ruwa take tafiya, kuma ku bari sai kaya sun taru. Na'urar sanyaya ɗaki ko ƙarama ce tana jan kusan wat 1,000, fankar sama kuwa wajen 70, ka ga ta ninka ta fiye da sau goma. Ban ce ku kwana cikin gumi ba. Ku saita ta a digiri 25 ko 26, ku haɗa da fanka, ku rufe ƙofa da taga, ku riƙa wanke ragar da ke tace ƙura. Masu saita ta a 16 sannan su lulluɓa da bargo, har yau na kasa gane lissafinsu.

Firji shi ne ba ya hutu, don haka ƙaramin laifi a jikinsa ana biyan sa awa 24. Ka saka takarda a bakin ƙofarsa ka rufe ka ja. In ta zare ba tare da turjiya ba, robar ƙofar ta saki, sanyi yana fita, injin yana ta aiki don ya mayar. Kada a manna shi da bango ko a ajiye shi kusa da wurin girki, yana bukatar iska ta bayansa. Kada a saka abinci da tururinsa. Digiri 3 zuwa 5 ya ishi firji, firiza kuma 18 ƙasa da sifili. Abin da ya wuce haka asara ce. In ƙanƙara ta yi kauri a bangon firiza a kashe a narkar da ita.

A wurin girki akwai abin da uwayenmu suka sani ba tare da sun shiga aji ba. Ruwa in ya tafasa ya kai digiri 100, ba ya ƙara zafi ko ka ƙure wutar. Ƙarin gas ɗin tururi kawai yake zama. Da tukunya ta tafaso a rage wuta a rufe ta da murfi. Harshen wuta kada ya fito ta gefen tukunya. Abin da ke da wuyar nuna a jiƙa shi tun dare. Tukunyar nan mai matse tururi tana kai zafi wajen digiri 120, shi ya sa abin da zai ɗauki awa biyu take nunar da shi cikin ƙasa da ɗaya. Tana da tsada ranar saye, amma tana mayar da kuɗinta.

Ruwan famfo ba zan tsawaita a kansa ba. Famfon da ke ɗiga sau ɗaya kowace daƙiƙa yana zubar da fiye da lita 11,000 a shekara, kuma sau da yawa wata 'yar roba ce ta cinye a ciki. Idan kuna da mitar ruwa, ka rufe duk famfunan gidan ka duba ta. In tana motsi, akwai yoyo a wani wuri, kuma tankin masai ne wurin farko da za ka leƙa.

Inda al'adar manya ba ta tsufa ba ko kaɗan shi ne abinci. A nan ina bayanka ɗari bisa ɗari. Tun 1857 wani masanin ƙididdiga Bajamushe, Ernst Engel, ya nuna cewa duk lokacin da samun gida ya yi ƙasa, kason da abinci ke ci a cikinsa yana ƙaruwa. Sabon gida mai albashi ɗaya irin naka, abinci ne kan gaba ko na biyu bayan haya. Kuma Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a 2011 cewa kusan kashi ɗaya bisa uku na abincin da ake samarwa a duniya lalacewa yake yi ko a zubar. Kada ka ɗauka a gonaki da kasuwanni kaɗai abin yake faruwa, gidaje suna da babban kaso. Amma gyaran ba a bakin kwandon shara yake ba, inda kake tsayawa kana faɗa. Tun a cefane da awo yake farawa. Surukata ta taso a gidan da ake dafa wa mutum goma, hannunta bai saba da girkin mutum biyu ba tukuna. Wannan sabo ne, kuma mudu ko kofi ɗaya na awo zai gyara shi cikin mako biyu. Ku duba abin da ke gida kafin a fita, a rubuta abin da za a saya, kuma kada mai jin yunwa ya je cefane. Abin da ba ya lalacewa, kamar hatsi da sabulu da mai, sari ya fi sauƙi in akwai wurin ajiya. Abin da ke ruɓewa kuwa, sayen sa da yawa don an ce ya yi araha hanyar zubar da kuɗi ce. Ku riƙa kwatanta farashin kilo da kilo, lita da lita, domin ba kullum babban kwali ke fin ƙarami sauƙi ba. Sabon saye ya koma baya, tsoho ya dawo gaba a fara cinye shi.

Akwai kuma ɓarnar da iyayenmu ba su san ta ba, don haka ba su bar mana al'ada a kanta ba, kuma ina zargin nan albashinka yake zurarewa. Kuɗin da ake cira daga asusunka da kansa kowane wata: tashoshin talabijin da ba ku kallo, manhajar da ka gwada kyauta ka manta, datar da ke sabunta kanta, cajin banki na wannan da wancan. Kuɗin da ba ka ƙirga da hannunka ka miƙa ba, ba ya yi maka zafi. Ka karɓi bayanin asusunka na wata uku ka bi shi layi-layi da biro. Duk abin da ba ku yi amfani da shi ba a watan jiya, soke shi. A waya ka hana bidiyo kunna kansa, ka rage ingancin hotonsa, domin shi ne ke shanye data, ba saƙonni ba. Idan kana da mota, taya mai ƙarancin iska tana ƙara shan mai tana kuma cinyewa da wuri, kuma aike uku a fita ɗaya ya fi fita uku.

Sai bashi. An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma ba kowane ba ne ake kwana lafiya da shi. Masu ba da rance ta waya suna faɗin ruwansu a wata don ya yi ƙanƙanta a kunne. Kashi 10 a wata kashi 120 ne a shekara, in kuma ruwan yana hawa kan ruwa, abin da ka karɓa zai ninka fiye da sau uku cikin wata 12. Babu adadin fitilar da za ka kashe ta biya wannan. In kana da irin sa, shi za ka fara kashewa kafin komai, mafi tsadar ruwa a gaba. Haka kayan da ake biya kaɗan-kaɗan: ka tara jimillar abin da za ka biya ka kwatanta da farashin kuɗi hannu kafin ka sa hannu. Abin da ranka ya biya ba tare da ka yi shirin sa ba, ka bar shi ya kwana biyu; in har yanzu kana bukatar sa, ka koma.

Kada kuma ka bi araha ido rufe. Araha ba ta ado, a kayan wuta ma har gobara take jawowa. Waya da soket da caja na jabu, da takalmin da za a canza sau uku a shekara, duk sun fi mai kyau tsada.

Yanzu maganar rowa da surukata ta ambata. Yadda nake auna abin shi ne, in ka rage wani abu babu wanda ya rasa komai, tsimi ka yi: hitar da ke ɗumama ruwan da ba mai wanka, famfon da ke ɗiga, tashar da ba mai kallo. In kuwa ragin ya sa wani a gidan ya zauna cikin duhu, ko ya tashi bai ƙoshi ba, ko ya ji nauyin tambayarka kuɗin magani, ka tsallaka iyaka. Magani da karatun yara in Allah ya kawo su, da baƙon da ya sallama, da abin da kake yi wa iyaye, ba a nan ake neman rara ba. Su manyan da kake koyi da su sun yi tsimi ne don hannunsu ya iya kaiwa ga waɗannan.

Abin da zan ce ka yi a wannan watan ba shi da yawa. Ku sami littafi ɗaya ku biyu, duk abin da ya fita a rubuta, komai ƙanƙantarsa, har da naka na waje, domin ba adalci ba ne a ƙirga cefanenta a bar abin da kake kashewa a hanya. Kada ka yanke hukunci a kan komai sai wata ya cika. Ka rubuta lambar mita kowace Juma'a, da haka za ka ga abin da canjin hita da guga ya haifar. Ranar da albashi ya shigo ka fitar da abin ajiya tun kafin a taɓa shi, ko kashi biyar cikin ɗari ne, a wurin da katinka ba ya kaiwa. Wanda ya ce sai abin da ya rage zai ajiye, ba ya samun ragowa. Ka faɗa wa matarka nawa kake samu da nawa ke fita. Ita ce ke gidan lokacin da kayan wutar nan ke aiki, ita ta san abin da ke ƙarewa da wuri, kuma za ta nuna maka wuraren da ni ban ambata ba.

In wata ya cika ka aiko min da abin da littafin ya nuna, mu duba tare. Ka gaishe ta da kyau, Allah ya yi muku albarka.

Baffanka