Kafin Ka Saki Ɗakin Haya Ka Tare a Karaban

Wasiƙar wannan makon daga Ingila ta zo, daga wani ɗan'uwa ɗan wani ƙauye a ƙasar Ringim, mai aikin kula da tsofaffi a kusa da birnin Hull. Ga taƙaitaccen abin da ya ce:

"Malam, barka da ƙoƙari. Shekarata biyu a nan. Ɗakin da nake haya fam 520 ne a wata, Yaya ya ce wannan almubazzaranci ne, ga ginin gida ya tsaya a linta, ga bikin ƙanwarmu bayan babbar salla. Wani ɗan ƙasarmu ya ce zai samo mini karaban, ɗan ɗakin nan na tafi-da-gidanka da ake ja da mota, in ajiye a gonar abokinsa ina biyan abu kaɗan, wasiƙuna kuma su riƙa zuwa adireshinsa. Hoton biyu ya turo: ƙarami marar banɗaki fam 2,200, da mai banɗaki da hita fam 4,800. Yaya ya ce in ɗauki mai arahar, in na gama da shi in auno shi gida a yi ɗakin baƙi. Ni kuma sanyi nake tsoro. Wanne zan saya? Mutumin ya ce in ba da kafin alƙalami kafin Juma'a."

Ƙanena, kada ka ba da ko sisi ranar Juma'ar nan. Ba mai arahar ba, ba mai tsadar ba. Zan zo kan wanne ya fi, domin tambaya ce mai ma'ana, amma akwai jimla ɗaya a wasiƙarka da ka wuce ta da gudu, ita ce ta hana ni barci: "wasiƙuna su riƙa zuwa adireshinsa."

Ka san yadda bizarka take, ba sai na karanta maka ba. A ɗaure take da kamfanin da ya ɗauki nauyinka, shi kuma kamfanin wajibi ne ya ajiye sahihin adireshinka. Kai ma wajibi ne ka sabunta shi a asusunka na hukumar shige da fice, musamman yanzu da katin zama ya ƙare aiki a ƙarshen 2024 aka koma bizar intanet. Lasisin tuƙi, inshorar mota, banki, duk adireshi suke bi. Ranar da ka rubuta cewa kana kwana a gidan da ba ka taɓa kwana ba, ka yi wa hukuma ƙarya a rubuce, kuma ƙarya a fom na iya sa a ƙi sabunta wa mutum biza, har a hana shi dawowa na shekaru. Inshora ma, in ka yi hatsari suka gano motar ba a can take kwana ba, suna da hujjar zame jikinsu.

Lokacin da nake can na ga irin wannan da idona. Wani yaro daga wajen Gaya ya ba da adireshin wani dillali, shi yana raɓe a wani wuri. Aka ƙwace lasisin kamfanin da yake wa aiki, aka rage masa wa'adin zama zuwa kwana 60 ya nemi wani mai ɗaukar nauyi. Takardar ta je gidan dillalin, ta kwanta cikin tarin wasiƙun mutum goma sha. Sai da fiye da rabin kwanakin suka tafi ya sani. Da ya je yin ƙorafi, dillalin cewa ya yi ai taimako ya yi masa. Garin neman gira saura ƙiris a rasa ido. Ka tambayi mutumin naka mutum nawa ne wasiƙunsu ke zuwa gidansa, ka kalli fuskarsa yayin da yake amsawa. In kuma ya fara ba ka fatawa kan abin da hukuma ta yarda da wanda ba ta yarda ba, ka sani ba da shawarar shige da fice a Birtaniya sai lauya ko mai rajista da hukumar da ke sa ido kan masu wannan aiki, wadda a da ake kira OISC, tun Janairun 2025 ta koma IAA. Zama ɗan ƙasarmu ba rajista ba ne.

Me ya sa ma ba zai ce ka ba da adireshin gonar ba? Domin ya san babu izini. A Ingila ba a dasa karaban a gona a mai da shi gidan zama sai da amincewar ƙaramar hukuma, ƙarƙashin dokar da ke nan tun 1960. Ƙananan filayen gonaki masu shaidar ƙungiyoyin masu karaban, karaban biyar kawai suke ɗauka, kuma kwana 28 ne iyakar zama a jere. Filayen shaƙatawa kuwa na hutu ne, sukan nemi shaidar cewa kana da gidanka a wani wuri. Za ka ce ai masu tsinkar 'ya'yan itace a karaban suke kwana. Haka ne, amma wannan manya ne na girke, mai gonar ne ya tanada wa ma'aikatansa na ɗan lokaci. Kai ba ma'aikacin gonar ba ne. Maƙwabci ɗaya ya kai ƙara, sai a ce ka tashi, a tsakiyar Janairu, ka riga ka saki ɗakinka.

To, mu zo kan kayan. Abin dariya, kana zaune ne a mahaifar sana'ar: kamfanin ƙera karaban na Swift yana Cottingham kusa da Hull, na Coachman yana cikin Hull, ko'ina a yankin akwai masu sayar da na hannu a fili, da ofis da rasit. Mutumin da ke kewaye da su bai kamata ya sayi hoto a waya ba.

Karaban ƙarami abu ne mai kyau in an yi da shi abin da aka ƙera shi dominsa: kwana uku ko mako a bakin teku, a dawo gida. Jin daɗinsa na hutu daban, na zama daban. Wanda babu banɗaki, an yi shi ne don filin da ke da banɗakin jama'a. Ka ƙiyasta kanka ka taso daga aikin dare, ruwan sama na zuba, kana neman inda za ka kama ruwa, sannan ka yi alwala sau biyar a rana a ɗan mazubin wanke kwano. Bature mai ƙera shi bai yi lissafin buta ba. Mai banɗakin ma, tankinsa ɗan akwati ne da za ka zaro da hannunka duk kwana biyu ko uku ka kai inda aka tanada, ruwa kuma a ganga mai lita 40 kake gangaro shi. Da sanyi ya tsananta gangar da bututun sukan daskare. Wurin shimfiɗa sallaya kuwa sai ka naɗe gado ya koma kujera, kullum, asuba da isha.

Sanyin da kake tsoro, gaskiyarka. Akwai ma'auni da ake kira mataki na 3: karaban da ya cika shi yana iya riƙe zafin digiri 20 a ciki alhali waje yana 15 ƙasa da sifili. Sababbi da yawa sun cika shi, tsofaffin masu arahar nan ba lallai ba. Kuma riƙe zafin da gas ko lantarki ake yi, ba da addu'ar Yaya ba. Gas ɗin ma iri biyu ne, butan yakan daina tashi in sanyi ya kusa daskarar da ruwa, sai furofen, mai jar tukunya. Kada ka kuskura ka toshe ƙofofin iska don sanyi, ko ka kunna murhu don ɗumi. Hayaƙin nan marar wari da ke kashe mutane kusa da janareta a gida, shi ne dai a can, kuma a ɗan akwati ya fi saurin aiki.

Amma babban ciwon karaban danshi ne. Jikin tsofaffinsu katako ne da kumfa tsakanin fallaye, in ruwa ya sami tsaga a haɗin rufi ko gefen taga, sai ya ci katakon daga ciki, waje yana ƙyalli. Akwai ɗan injin auna danshi: ƙasa da kashi 15 lafiya, ya haura 20 ka fara tambaya, ya kai 30 ka yi sallama. Ka shiga ka shinshina kafin a fesa turare, ka danna bango a kusurwoyi da cikin akwatin ƙarƙashin kujera, ka taka ƙasa ka ji ko tana lotsawa. Karaban ba ya zuwa gwajin shekara-shekara da doka ta ɗora wa mota, saboda haka babu wanda ya tilasta wa mai shi ya duba komai. Takardun gyaran shekara su ne kaɗai shaidarka. Na fam 2,200 da aka matsa a karɓi kuɗinsa kafin Juma'a, na fi zaton rariya ce, kuma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ka ƙara da tururin tuwo da numfashin mutum dare da rana a ciki, ka ga abin da zai zama kafin bazara.

Sai batun ko na mai sayarwar ne. Tun 1992 karaban ɗin da aka ƙera a Birtaniya yana da lamba mai harufa da alƙaluma 17, a zane a tagogi da jikin ƙarfen ƙasa, da rajista a tsarin da ake kira CRiS. Da kuɗi kaɗan za su gaya maka ko na sata ne, ko akwai bashi a kansa. In ka ga an kankare tagogi, juya. Na san wanda ya tura kafin alƙalami kan hoton da ya gani a Facebook, ya yi tafiyar awa uku ya tarar da fili. Na san wanda ya saya, ya gyara, 'yan sanda suka zo suka ja abinsu.

Ba ka ce mini komai kan mota ba. In har yanzu lasisin Nijeriya kake riƙe da shi, wata 12 kawai yake aiki daga ranar da ka zama mazauni, kai kuwa shekararka biyu. In ka ci jarrabawar can, tun Disambar 2021 an yarda ka ja tirela har kilo 3,500 ba tare da ƙarin gwaji ba, amma motar tana da nata iyakar a rubuce. Shawarar da ake ba sabon hannu ita ce nauyin karaban da kayansa kada ya wuce kashi 85 na nauyin motar. Mota mai kilo 1,200 ke nan kilo 1,020 za ta ja cikin natsuwa, ƙananan masu banɗaki kuwa yawanci nan suke ko sama. Ga kuɗin sa ƙugiyar ja, ga madubin gefe na ƙari, ga tayoyi da ake so a canza bayan shekara biyar ko da ba su suɗe ba, ga kuɗin fili, ga gas. Tara su ka raba da wata goma sha biyu, ka ajiye kusa da fam 520 ɗinka mai ruwan zafi da ƙofa mai lamba.

In wata rana ka zauna da ƙafarka, iyali sun samu, kana son na yawon hutu, amsata ita ce mai banɗaki, busasshe, mai takardu, daga mai shago da zai ba ka garanti, ko da ya fi tsufa a ido. Shi ne zai sayu in ka tashi sayarwa.

Maganar auno shi gida kuwa, ina rubuta maka wannan ne a gindin darbejiya a wajen Taura, kuma na san abin da Afrilu ke yi wa kwano a nan. Zafi yana haura digiri 40. Akwatin da aka ƙera don ya tsare ɗumi, wane baƙo za ka saka a ciki, sai dai wanda kake so ya tafi da wuri? Rana za ta busar da gam ɗin haɗin, damina ta shiga, gara ta ƙarasa. Kafin nan ka biya jirgin ruwa zuwa Legas, ka biya kwastan da ejan, ka jawo shi kilomita dubu da wani abu. Ƙofarsa ma a hagu take, mu kuwa tun 1972 dama muke bi, in an tsaya a hanya cikin titi za a fito. Kuɗin dakon kaɗai ya isa a fara shago na bulo a ƙofar gida, wanda jikokinku za su gada.

Saura Yaya. Ina girmama shi, kuma na san nauyin gida a kansa yake tun da kai ka tafi. Amma a nan bai yi maka adalci ba. Shi yana kwana a ɗakinsa da iyalinsa, ya ci tuwo mai zafi, ya fita masallaci a ƙofar gida, sannan ya kira ɗakin da ƙaninsa ke fakewa daga sanyin Ingila almubazzaranci. Bai taɓa ganin rana ta faɗi kafin ƙarfe huɗu ba. Fam 520 yake bugawa da canjin naira ya ga dukiya, bai san cewa a can kuɗin ɗaki ɗaya ne da kicin na tarayya ba. Zumunci wajibi ne, amma ba a ce ka jefa lafiyarka da takardunka a ciki ba, kuma in aka koro ka, ginin ba a linta kaɗai zai tsaya ba. Ginin bulo ba ya ruɓewa don ya jira shekara. Kayan ɗakin ƙanwarku a yi daidai ƙarfi, ba gasa da gidan maigari ake ba.

Kada ka yi musu da shi a waya. Ka yanka abin da za ka iya turawa duk wata ba tare da bashi ba, ka faɗa masa adadin da ranar, ka tsaya a kai. In Hajiya tana da rai, ita za ka fara kira, ka gaya mata ƙarara cewa an ce ka koma kwana a akwati a gonar Bature cikin hunturu, babu banɗaki, ka bar ta da Yaya. In hayar ce ta yi nauyi da gaske, nemi ɗaki mafi sauƙi ta wajen abokan aiki ko jama'ar masallaci, da yarjejeniya a rubuce da sunanka. Shi kuma mutumin Juma'a, ka ce ya turo maka lambar nan mai 17 ta kowane karaban da takardar izinin zama a gonar, ka rubuto mini abin da ya ce.