Ku Tambaya Mu Amsa: Ƙarin garantin kwamfuta, a saya ko a bari?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Musulunci ta Madina, saura mini shekara biyu in kammala, kuma ina shirin sayen kwamfutar tafi-da-gidanka ta riyal 3,200 domin rubuce-rubucen karatu. Mai sayarwa ya matsa mini in ƙara riyal 450 a tsawaita mini garanti zuwa shekara uku, yana cewa gyara a ƙasar nan yana da tsada. Da tallafin karatu na dogara, kuma idan na gama Kano zan koma. Shin wannan ƙarin ya cancanci kuɗinsa?
Wani ɗalibi, Madina

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa, Allah ya ba da sa'ar karatu. A yadda ka bayyana halinka, shawararmu ita ce ka riƙe kuɗinka, sai dai idan takardar ta ƙunshi wani abu guda da za mu zo kansa.

Abin da mai sayarwa bai faɗa maka ba shi ne, Ma'aikatar Kasuwanci ta Saudiyya ta wajabta wa wakilan kamfanoni bayar da garantin da bai gaza shekara biyu ba a kan na'urorin lantarki, daga ranar da aka saya. Ke nan shekara ukun da ake yi maka talla, biyu daga ciki haƙƙinka ne ko ba ka ƙara ko riyal ɗaya ba, kuma abin da za ka saya da kusan kashi ɗaya cikin bakwai na kuɗin kwamfutar shi ne shekara ta uku kaɗai. To, a wannan shekara ta uku kana ina? Kana Kano in Allah ya yarda, alhali garantin da kanti ke sayarwa galibi a rassansa na cikin ƙasar kawai ake karɓarsa, kuma babu mai hankalin da zai aiko da kwamfuta daga Kano zuwa Madina saboda fanka ta daina juyawa.

Ko da ma za ka zauna, ya kamata a duba irin lalacewar da ke samun waɗannan na'urori. Aibin da ya taho daga masana'anta yawanci yana bayyana ne tun da wuri, lokacin da garantin farko ke aiki. Abubuwan da ke kashe kwamfutar ɗalibi kuwa sanannu ne: shayi ya zube a kan madannai, jaka ta faɗo daga kan gado gilashin ya tsage, ko a bar ta cikin mota a zafin Madina da kan wuce digiri 40 a lokacin bazara, batir ya kumbura ya ɗaga murfin ƙasa. Garanti na yau da kullum, gajere ko dogo, ba ya ɗaukar ko ɗaya daga cikin waɗannan, domin ana lissafa su a matsayin sakacin mai kaya. Shi kansa batir, kamfanoni da yawa suna ba shi wa'adin shekara ɗaya ne kawai, kuma raguwar ƙarfinsa saboda tsufa ba ta shiga garanti.

Abu gudan da muka ambata shi ne kariya daga hatsari, wato yarjejeniyar da ta rubuta ƙarara cewa ta haɗa da faɗuwa da zubewar ruwa. Wannan tana da amfani na gaske, musamman ga sirara kuma masu tsada irin su MacBook, waɗanda aka liƙe ma'ajiyar bayanansu da sauran muhimman sassa a kan babban allo guda, ta yadda idan ruwa ya taɓa shi sai an canza shi gaba ɗaya, kuma kuɗin hakan kan cinye babban kaso na kuɗin sabuwa. Tsarin AppleCare+, wato ƙarin garantin kamfanin Apple mai ƙera MacBook, yana ɗaukar irin wannan hatsari, amma duk da haka sai ka biya wani kaso a kowane gyara. Ga kwamfuta mai matsakaicin farashi irin taka, wadda kowane ƙwararren mai gyara zai iya canza mata gilashi ko madannai, ajiye riyal 450 ɗin a gefe ya fi, domin kuɗin da ke hannunka yana aiki a Madina yana kuma aiki a Kano.

Idan har ranka ya kwanta da ƙarin, kada ka wadatu da maganar baki. Ka nemi a ba ka takardar sharuɗɗan ka karanta kafin ka biya, ka ga ko daga ranar saye wa'adin ke farawa ko bayan ƙarewar garantin farko, wane ne zai yi gyaran, kanti ko wakilin kamfani, da kuma ko yana aiki a wajen ƙasar. Wasu kamfanoni, irin su Lenovo, suna da garantin ƙasa da ƙasa a kan wasu samfura, ana kuma iya bincika hakan a shafinsu na intanet da lambar da ke ƙarƙashin na'urar. Tun da kai ɗalibin ilimi ne, ka san malamai da dama sun bambanta tsakanin ƙarin da aka haɗa cikin cinikin tun farko da wanda aka saya daban daga baya, inda suke ganin na biyun ya yi kama da inshora mai garari, wato rashin tabbas a cikin ciniki. Wannan ɓangaren malamanka sun fi mu cancantar amsa shi.

Ko ka ƙara ko ba ka ƙara ba, ka adana rasidinka, ka kuma ɗauki hotonsa a waya, domin rubutun irin waɗannan takardu yakan goge da zafi, kuma da shi ne za ka tabbatar da ranar saye. Idan wakili ya ƙi gyara a cikin shekara biyun ba tare da hujja ba, kana iya kai ƙara ga Ma'aikatar Kasuwanci ta lambar 1900 ko ta manhajarta ta Balagh Tijari.